Su wa ke cikin ƙwaryar rob? Abin da karatun DNA ya tono a nonon Sudan

Duk kofin zabadin kamfani, wato yogot, da ka saya a Gadarif ko Kassala, an san waɗanda suka tsamar da madarar cikinsa tun kafin ka ɓare murfin. Bakteriya iri biyu ne, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus delbrueckii reshen bulgaricus. Ƙa'idar abinci ta duniya, Codex, ta ce sai da waɗannan biyun ake kiran abu yogot, kuma masana'antu a busashe suke sayo su cikin 'yan fakiti. Rob, nonon da ake tsamarwa a gida, wanda ake dama godo-godo da shi a Mai Wurno, ko wanda ake kaɗa miyar asida da shi, labarinsa daban ne. Babu wanda ya zauna ya zaɓa masa ƙwayoyi. Mace ce ta zuba ragowar na jiya cikin madarar yau, ta kifa faifai, da safe ta tarar ya yi barci. Su wa suka yi aikin cikin dare? Daga ina suka zo? Na ƙwaryar Mai Wurno ɗaya suke da na salkar makiyayin raƙuma a Butana? Sai da masana suka iya karanta DNA kafin waɗannan tambayoyi suka fara samun amsa mai ƙwari, amsar kuwa ta zo da wani suna da ya sa likitoci ɗaga gira.

Abin da ke faruwa cikin madarar sananne ne tun 1857, lokacin da Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne ke haddasa irin wannan tsami. Madarar saniya na da sukarinta, laktos, kusan kashi 5 cikin ɗari. Bakteriya su ci sukarin, su fitar da asid. A ma'aunin pH sabuwar madara na wajen 6.6, idan ta sauko 4.6 sai furotin ɗinta ya dunƙule. Tsamin nan ne ke hana yawancin ƙwayoyin ruɓa sakat, shi ya sa rob ke jure zafin Sinnar ba firji, ɗanyar madara kuwa ba ta kai la'asar. Madarar raƙumi ba ta daskarewa da kauri kamar ta saniya saboda furotin ɗinta wani iri ne, don haka gariss, tsamammen nonon raƙumi, ruwa-ruwa yake ko ya shekara a salka.

Tsohuwar hanyar gane ƙwayoyin ita ce a noma su. A ɗiga nono kan faranti mai abincin bakteriya, a sa a ɗumi kwana biyu ko uku, a ga abin da ya tsiro, sannan a bi kowanne da gwaje-gwaje: siffarsa a madubin hangen ƙananan halittu, irin sukarin da yake ci, zafin da yake jurewa. Tun kafin a fara amfani da faranti, Joseph Lister ya fara ware bakteriyar madara ita kaɗai a shekarun 1870. Hanyar ta yi aiki, amma tana da son kai. Wanda abincin farantin ya yi masa shi ke tsirowa, wanda bai yi masa ba sai a ce babu shi. Sannan dangi na kusa sukan ba da amsa iri ɗaya a gwajin sukari, mai bincike ya laƙaba wa ɗaya sunan ɗan'uwansa da zuciya ɗaya.

Ga yadda sabuwar hanyar take. Ɗaliba ta ɗebi rob cikin 'yar kwalba mai murfi, ta tura cikin ƙanƙara nan take, domin awa biyu a bayan rakasha ya isa wasu ƙwayoyin su ninka wasu su ja baya. A ɗakin gwaji za ta sa shi a na'ura mai juyi da gudu, maiƙo ya taso sama, ƙwayoyin su kwanta a gindi kamar ɗan farin laka. Dole a kwashe maiƙon, don shi da furotin da sinadarin kalsiyam suna hana matakin gaba tafiya. Bakteriyar nono fatarsu kauri gare ta, saboda haka ake haɗa su da ƙananan duwatsun gilashi a girgiza da ƙarfi har su fashe. A wanke, a tace, abin da ya rage ɗigon ruwa ne garai-garai, a cikinsa DNA na duk wanda ke cikin kwalbar yake, a cakuɗe.

Daga nan ba duka ake karantawa ba. Akwai wani yanki na gado da kowace bakteriya ke ɗauke da shi, ana kiransa 16S, tsawonsa harafi kusan 1,500. Wasu sassansa iri ɗaya ne a kusan dukkan bakteriya, wasu wurare tara kuma suna bambanta daga zuriya zuwa zuriya. Carl Woese da George Fox ne a 1977 suka nuna cewa da wannan yanki za a iya jera dangantakar ƙananan halittu. Da dabarar PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, ana kwafar yankin sau miliyoyi, na'ura ta karanta haruffan, kwamfuta ta gwada su da na rumbun bayanai ta fito da sunaye. Yis, irin ƙwayoyin da ke kumbura ƙullun burodi, ba shi da 16S irin na bakteriya, shi wani yanki ake duba masa mai suna ITS. Wannan yanki na 16S kamar tsagen fuska yake a wurin kakanninmu: da gani ka san wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, amma tsagen ba zai gaya maka ko mutumin kirki ba ne ko ɓarawon akuya. A riƙe wannan, domin a kansa gardamar gariss ta tsaya.

Sudan ba ta shiga wannan fage hannu rabbana ba. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Khartum ya riga ya tattara bayanin abincin ƙasar da ake tsimawa a littafinsa na 1993, har da rob da mish da gariss da yadda ake yin kowanne. A kan wannan tushe Warda Abdelgadir ta Cibiyar Binciken Abinci da ke Shambat da abokan aikinta suka duba rob, suka buga sakamako a 2001: akwai Lactobacillus fermentum, da Lactococcus lactis, da wasu 'yan gidan Streptococcus, ga kuma yis iri biyu suna zaune tare da su. Taro ne, ba ma'aurata biyu irin na zabadi ba, kuma yis ɗin na cikin abin da ke ba rob ƙamshin da zabadin kanti bai da shi.

Sai 2008. Warda da masana na Jami'ar Kopenhagen suka juya kan gariss, wannan karon da karatun DNA. Gariss abin sha ne na Abbala, masu kiwon raƙuma irin su Kababish a Kordofan da Shukriyya a Butana. Salka biyu ake ratayawa a jikin raƙumi, a lulluɓe su da ɗanyar ciyawa a riƙa jiƙawa, tafiyar dabbar na girgiza su. Aka sha, a tatso sabuwar madara a cika. Salkar ba ta ƙarewa balle a wanke ta a sake sabon lale, tsimi ɗaya ke tafiya wata da watanni. A ciki suka sami Lactobacillus fermentum, da yis irin su Kluyveromyces marxianus, wannan duk ba abin mamaki ba ne. Abin mamakin shi ne ɗaya daga cikin masu rinjaye: Streptococcus infantarius.

Wannan suna a littattafan asibiti aka fi saninsa. Yana cikin rukunin da ake kira Streptococcus bovis, kuma tun shekarun 1970 likitoci suka lura cewa samun wasu 'yan rukunin a jinin majiyyaci na tafiya da ciwon bawul ɗin zuciya da kansar babban hanji. Wanda ya fi ƙaurin suna a gidan shi ne Streptococcus gallolyticus. To ga ɗan'uwansa an tarar ya yi kaka-gida cikin abincin da jama'a ke sha safe da yamma, yara da tsofaffi. Da gwajin sukari kaɗai aka tsaya, abu ne mai sauƙi a ɗauke shi a matsayin ɗan'uwan thermophilus na zabadi a wuce.

Ba a Sudan kaɗai ba ashe. Masu bincike na jami'ar ETH da ke Zurik, a ƙasar Siwizalan, musamman Christoph Jans, sun same shi a suusac, nonon raƙumi na Kenya, da nonon Somaliya, da fene na Mali, da na Kodebuwa. Wato daga gabar gabas zuwa ta yamma, cikin nonon raƙumi da na saniya. Da suka karanta kundin gadon wani da suka ware daga suusac, gaba ɗayansa ba 16S kaɗai ba, sai suka ga yana ɗauke da ƙwayoyin gado na shigar da laktos da narkar da shi masu kama da na thermophilus sosai, abin da babu a na jikin ɗan'adam da suka kwatanta shi da shi. Bakteriya sukan miƙa wa juna guntayen DNA ba sai ta hanyar haihuwa ba, kuma alamu sun nuna abin da ya faru ke nan: wani reshe ya samu kayan cin madara, ya zauna a madara, ya fara zubar da wasu ƙwayoyin gadon da zaman nono bai buƙata. A 2018 wani bincike daga Kenya ya ƙara da cewa waɗanda aka samu a jikin masu kansar hanji sun bambanta da babban reshen da ke cikin nono.

A nan nake ganin mutane biyu za su yi gaggawa, kuma duka biyun sun yi kuskure. Na farko zai ji "kansa" ya ce a zubar da gariss a koma kanti. Ya manta cewa shi kansa thermophilus ɗin zabadi ɗan gidan Streptococcus ne, gidan da ya haifi ƙwayoyin ciwon maƙogwaro da na nimoniya, kuma ɗan'uwansa na kusa, salivarius, a bakin mutum yake zaune. Da aka karanta kundin gadonsa a 2004 an tarar kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙwayoyin gadonsa sun lalace, da yawa daga kayan cutarwa na danginsa sun ɓace ko sun daina aiki, saboda daɗewar zama a madara. Abin da ake gani a infantarius na Afirka ya yi kama da wannan tafiya, sai dai shi bai yi nisa kamar wancan ba. Na biyu kuma zai ce kakanninmu sun sha sun yi shekara casa'in, zancen banza ne. Shi ma ya manta cewa ciwon da ke ɗaukar shekara ashirin kafin ya bayyana, a wurin da asibiti ke da nisan yini guda, babu mai danganta shi da abin da aka sha. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ba ta sa infantarius cikin jerin ƙwayoyin da ta amince a zuba a abinci kai tsaye ba, thermophilus kuwa yana ciki. Bambancin ya samo asali ne daga yawan binciken da aka yi wa kowanne da kuma tarihin danginsa, kuma wanda ke son a daidaita su sai ya kawo hujja.

Hujjar ba za ta fito daga 16S ba. Ana buƙatar hanya ta biyu, wadda ake daddatsa dukkan DNA na cikin kwalbar a karanta kowane guntu, kwamfuta ta harhaɗa. Ta fi tsada, ta fi cin aikin lissafi, amma ita ke nuna abin da ƙwayoyin ke iya yi: ko suna da gadon yin guba, ko na manne wa jikin hanji, ko na bijire wa magani. Wannan na ƙarshen ya shafe mu kai tsaye. Allurar tetrasaikilin ta dabbobi ana sayenta a kasuwar ƙauye ba takardar likita, makiyayi ya yi wa saniya yau, gobe madararta na kan jaki zuwa gari. Gwaggona, wadda ta shekara da shekaru tana sayar da godo-godo, ba ta san sunan maganin ba, amma ta san aikinsa. Idan ta buɗe ƙwarya da asuba ta ga madara kwance tsululu, sai ta lakato da ludayi ta sansana ta ce, "Ɗan nan, wannan ta saniyar da aka yi wa allura ce. Ko ka kwana kana roƙonta ba za ta yi barci ba." Ta zubar, ta wanke ƙwaryar da ruwan zafi ta shanya a rana, ta aiki yarinya gidan maƙwabciya da ɗan kofi a roƙo iri. Ranar da maganin ya yi yawa ke nan. Ranar da ya yi kaɗan, nonon zai yi barci, amma waɗanda suka tsira su ne masu jure maganin, kuma su za a zuba a madarar gobe. Bakteriyar nono mai jure tetrasaikilin ba ta cutar da kowa da kanta, damuwar ita ce ta miƙa wannan gado ga wata mugunya a cikin hanji.

Wani lokacin kuma ba allura ba ce. Akwai bairos da ba ruwansu da mutum, bakteriya kaɗai suke kamawa, kuma su ne babban ciwon kan masana'antun yogot da cuku, domin tanki guda mai iri biyu kacal idan suka shiga sun gama da shi. Ƙwarya mai taron ƙwayoyi ta fi jure musu, wani ya faɗi wani ya ci gaba da aikin. (Wajen neman maganin wannan matsala ne masanan kamfanin Danisco suka tabbatar a 2007 cewa thermophilus na da garkuwar da ake kira CRISPR, abin da daga baya ya zama almakashin gyaran gado da ya ci kyautar Nobel a 2020. Daga kofin zabadi aka faro.)

Duk da haka, takardar da na'ura ta fitar ba wahayi ba ce, kuma na fi jin tsoron mai karanta ta da yarda fiye da kima. DNA ba ya mutuwa tare da mai shi nan take, don haka ƙwayoyin da tafasa ta kashe za su iya fitowa a lissafi kamar suna raye. Wata bakteriya na da kwafin 16S ɗaya, wata na da fiye da goma, sai ta biyun ta cika takarda. Mai taurin fata da ba ta fashe ba ba za a gan ta ba. Sakamakon kuma kaso ne cikin ɗari, bai faɗin adadi. Wannan na da hatsari ta fuskar cuta. Cikakken nono na iya ɗaukar bakteriyar tsami miliyan 100 ko fiye a mililita guda, su kuwa ƙwayoyin Brucella masu kawo zazzaɓin Malta, wanda duk mai zama kusa da makiyaya a Sudan ya san shi, kaɗan sun isa su kwantar da mutum watanni. A cikin wancan taro za su iya ɓacewa ba a gan su ba. Takarda mai tsabta ba ta wanke ɗanyar madara, tsami ma ba a dogara da shi ya kashe su. A tafasa madara, a bari ta huce, sannan a zuba iri. Irin ba ya rasa komai da hakan, hasali ma ya samu fili ba abokan takara. Haka nan yis ɗin gariss na fitar da iska da ɗan sinadarin barasa idan tsimi ya daɗe. DNA zai nuna yis na nan, amma nawa ya fitar, wannan sai awon sinadari.

Su kansu sunayen ba a zaune suke ba. A 2020 masana suka raba gidan Lactobacillus zuwa gida 25, fermentum na rob ya koma Limosilactobacillus fermentum. Mai gwada binciken 2001 da na bana sai ya yi hattara kada ya ɗauka wani sabo ne ya shigo. Rumbunan da ake gwada haruffa da su kuma cike suke da ƙwayoyin cukun Faransa da Italiya da na asibitocin Amurka. Kwamfuta na ba ƙwayar Kordofan sunan wanda ya fi kama da ita a rumbu, ko da kamar ta nesa ce.

Ana cikin wannan, abin da ake son a karanta ɗin yana zamewa daga hannu. Tun kafin yaƙi, mai sayar da godo-godo a birni ta gano cewa madarar gari da cokali biyu na zabadin kanti sun fi sauƙi, ba jiran makiyayi, ba faɗuwa. Ban ga laifinta ba, ciniki take yi. Amma duk gidan da ya koma haka, ƙwayoyi biyu na fakiti sun maye gurbin taron da ya yi shekaru yana bin hannun mata. Sai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Iyalan da suka fice daga Wad Madani a Disamban shekarar, ko daga yankin Sinja a tsakiyar 2024, da yara da takardu suka gudu, babu wadda za ta tsaya ɗaukar ƙwaryar nono. Irin da aka bari mako biyu ba a ciyar da shi madara ba ya tafi. Shambat, inda cibiyar bincike da tsangayar noma suke, tana Bahri ne, ɗaya daga wuraren da faɗa ya fi tsanani. Ƙwayoyin da masana ke warewa a firiza ake ajiye su, a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, firiza kuwa ba ta san uzurin ɗauke wuta ba.

Haruffan DNA da aka riga aka ɗora a rumbunan intanet suna nan, amma haruffa ba sa tsamar da madara, sai ƙwaya mai rai. Wannan ya kawo maganar mallaka. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014 kuma Sudan na cikinta, ta ce wanda ya ɗauki halittar wata ƙasa ya ci riba da ita sai ya raba amfanin da masu ita. Da kwalba ake ƙetara iyaka, abin da sauƙin bi. Yanzu kamfani na iya sauke haruffan daga intanet ba tare da ya taka ƙasar ba, batun da ya sa taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan halittu a birnin Kali na Kolombiya a 2024 ya amince da kafa asusu na musamman. Ko kuɗin asusun zai taɓa isa hannun matar da ta riƙe irin, wannan sai mai tsawon rai.

Na'urar karatun ta daina zama babban shinge. Tun 2014 kamfanin Oxford Nanopore ya fitar da MinION, wadda ba ta kai tafin hannu faɗi ba, ana jona ta da kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma da ita aka bi sawun cutar Ebola a Gini a 2015. Jami'a a Gadarif ko Kassala za ta iya aiki da ita idan an samu sinadarai da sanyin ajiye su. Inda aikin yake shi ne wajen ɗiba: kowace kwalba a rubuta mata dabbar da aka tatsa, ko an tafasa madarar, ƙwarya ce ko salka ko bokitin roba, irin daga wane gida ya fito, ko an taɓa haɗa shi da na kanti. A busar da ƙwayoyin da aka ware ta hanyar daskarewa, yadda za su zauna a kwalba ba wuta, a ajiye kwafi a gari fiye da ɗaya. Shi kuma infantarius, a ware shi daga gariss da rob, a ware shi daga jinin majiyyata a asibitocin ƙasar, a karanta kundin gadon kowanne gaba ɗaya a jera su gefe da gefe. Idan reshen nono ya fita daban kamar yadda aka gani a Kenya, daga cikinsa za a zaɓi wanda babu gadon jure magani a jikinsa a yi irin fakiti na gida, wanda mai godo-godo za ta zuba a tafasasshiyar madara ta samu ɗanɗanon rob maimakon na zabadi.